CIWON SUKARI NA IYAYE DA ZUCIYAR ƊIYANSU

(Jawabin da ɗanmu, malamin lakol, ya yi wa taron ƙungiya na bayan kaka a Gidan Amumune. Mun buga shi dukansa saboda ƴan'uwa da ke nesa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.)



Baba Maigari, Malam Liman, iyayena maza da mata, shugaban ƙungiya da ƴan biro, yayyena da ƙannena da kuka zo daga Maraɗi, Yamai, Agadas, Kano, Legas da Abijan, ina gaishe ku, ina yi muku barka da hanya. Na gode da kuka ba ni magana a gaban manya.

Ni ba lokotoro ba ne. Aikina alli da allo, abin da aka koya mini ke nan a Ekol Normal ta Maraɗi. Amma abu ya ci gidanmu, shi ya sa na shiga tambaya da karatu, kuma abin da na samo bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba.

Da yawanku kun san mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Kun san ciwon sukari ya yi jinya. Ba mu gane ba sai da wani ɗan miki ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa. Ranar da muka rufe shi, mun ɗauka mun rufe har da ciwon. Ashe ya bar mana shi a gida.

Yayana, wanda ya ba ni izinin in faɗi wannan, an haife shi a 1985. Ya tafi biɗa tun yana saurayi, Allah ya buɗa masa, ya kafa shago. Duk shekara in ya zo gida sai mu ga ya ƙara jiki, tumbi ya fito, mu ce madalla, birni ya karɓe shi. A 2023, yana da shekara 38, wata asuba yana alwala buta ta faɗi daga hannunsa, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Da aka kai shi likita aka tarar tansiyonsa 19 bisa 11, sukarin jininsa ya wuce giram 2. Tambayar farko da lokotoro ya yi mini ita ce: "Akwai mai ciwon sukari a gidanku?" Na ce babanmu. Ya girgiza kai ya ce: "Wannan abu ya fi shekara 10 yana tafiya a jikinsa."

Yau yana raye, alhamdu lillahi, amma hannun dama bai koma ba. Jinya ta ci shanu biyu, ta ci shago, gona ɗaya tana jingina. Mutumin da ke aiko wa gida hatsi a lokacin bazara, yanzu shi ake aika wa. Ni ma na je aka auna ni. Ba abin da ke yi mini ciwo, amma aka ce na tsaya a bakin rijiya. Dalilin tsayuwata a gabanku ke nan.

MENE NE CIWON SUKARI?

Duk abin da muka ci, tuwo, fura, shinkafa, burodi, jiki yana mai da mafi yawansa sukari, ya zuba shi cikin jini. Wannan sukari shi ne itacen wutar jiki. Amma ba ya shiga tsoka shi kaɗai, sai da mabuɗi. Mabuɗin shi ne wani ruwa da ake kira insulin, wanda wata ƴar halitta da ke bayan tumbi take yi.

Ciwon iri biyu ne manya. Akwai wanda yakan kama yaro farat ɗaya, jiki ya daina yin insulin, sai da allura kullum. Ba shi nake magana a kai ba. Ina magana a kan na biyun, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, wajen 9 cikin 10 na masu ciwon. A nan mabuɗi yana nan, amma kuba ta yi tsatsa. Jiki ya yi ta ƙara insulin don ya tura ƙofa, shekara da shekaru, har ya gaji. Ranar da ya gaji ne sukari ke taruwa a jini, mutum ya fara yawan ƙishirwa, yawan fitsarin dare, rama ba dalili, tururuwa na bin inda ya yi fitsari.

Ƙungiyar duniya ta masu yaƙi da ciwon sukari ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ke da shi a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Ba ciwon masu kuɗi ba ne kaɗai. Ba a kuma ɗaukarsa wajen cin abinci tare, ko zama tare, ko aure.

GARA A CIKIN RUMBU

Ku dubi rumbu. Daga waje shafe lafiya lau, jinka sabuwa. Gara kuwa tana ciki tana cin itacen da ke ɗauke da shi. Ranar da ya zube sai a ce iska ce ta kayar da shi. Ba iska ba ce, aikin shekaru ne.

Haka jijiyoyin jini suke. Su ne tiyo da ke kai jini ga zuciya, ƙwaƙwalwa, ƙoda da idanu. Abu huɗu ke cin su daga ciki: sukari mai yawa, hawan jini, kitse a cikin jini, da hayaƙin taba. Bangon jijiya ya yi kaushi, kitse ya manne, hanya ta ƙuntata. In ta toshe a zuciya, shi ne mutuwar farat ɗaya da muke ji. In ta toshe ko ta fashe a kai, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda mu nan muke cewa iska ta buge shi. Mai ciwon sukari ya ninka wanda ba shi da shi wajen sau 2 a hatsarin waɗannan abubuwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lokacin da garar ke farawa. A 1953 likitocin Amurka suka ba da labarin gawar sojojinsu 300 da suka mutu a yaƙin Koriya. Samari ne, tsakaicin shekarunsu 22. Aka tarar 77 cikin 100 jijiyoyin zuciyarsu sun riga sun fara ɓaci. A wani gari na Amurka mai suna Bogalusa, inda baƙar fata da farar fata ke zaune, wani likita, Gerald Berenson, ya fara auna ƴan lakol tun 1973, ya bi su har suka girma. A 1998 suka ba da labarin mutum 204 masu shekara 2 zuwa 39 da suka mutu, yawanci ta hatsari. Sun ga zanen kitse a jijiya tun ƙuruciya, kuma wanda ya tara ƙiba da hawan jini da kitsen jini, ɓarnar tasa ta fi yawa.

ABIN DA AKE GADO

To, ina ruwan iyaye a ciki? A garin Framingham, can Amurka ɗin, an fara bin lafiyar mutum 5.209 a 1948, sa'an nan a 1971 aka shiga bin ɗiyansu. Sakamakon da aka fitar a 2000 ya nuna cewa wanda uwarsa ko ubansa ke da ciwon sukari, hatsarin kamuwarsa ya ninka na sauran mutane sau 3 da ɗoriya. In duka biyun ne, sau 6.

Mutanen Bogalusa kuma suka ware ɗiyan masu ciwon sukari suka gwada su da sauran yara. A 2003 suka faɗi abin da suka gani: tun suna yara sun fi tara kitse, kuma daga ƙuruciya zuwa samartaka alamun hatsari sun fi saurin hawa a jikinsu. Ke nan tun sukari bai fito a awo ba, kubar ta fara tsatsa, gara ta fara aiki.

Amma iyayena, ku lura da kyau. Ba ciwon kansa ake gado ba, saurin kamuwa da shi ake gado. Kamar gona ce ta fadama: in ruwa ya yi yawa ita ke fara cika, amma in an yi mata hanyar ruwa sai ta fi kowace albarka. Kuma gado biyu ne. Akwai na jini, wanda ba mu iya sakewa. Akwai na tukunya, wato irin cimar gida, yawan gishiri, yawan mai, yawan sukari a koko da shayi. Wannan na biyun yana hannunmu.

DON ME ƊAN CIN RANI YA FI SHIGA HATSARI?

Wani zai ce wannan labarin Turawa ne. To, mu dawo gida. A Sakkwato likitoci sun auna Fulanin ƙauye da Fulanin da suka zauna birni. A ƙauye masu ciwon sukari ba su kai 1 cikin 100 ba. A birni sun kusa 5 cikin 100. Jini ɗaya, zama ne ya bambanta.

An kuma yi wani babban bincike a asibitocin Gana da Najeriya, har da na Kano da Zariya, a kan mutum 2.118 da ɓarin jikinsu ya shanye. An fitar da shi a 2018. Kusan ɗaya cikin huɗu ba su kai shekara 50 ba. Hawan jini shi ne kan gaba da nisa cikin dalilai. Bayansa akwai kitsen jini, yawan cin nama, tumbi, ciwon sukari, rashin cin ganye, ƙara gishiri a kan abinci, rashin motsa jiki da taba.

Yanzu ku gwada da zamanmu. Kakanninmu gero suke ci da dusarsa, da wake, da miyar kuka, da kwaɗon tafasa. Da ƙafa suke zuwa kasuwar Mayahi. Suna noma, suna jan guga a rijiya mai gaba da yawa. Ɗan biɗa kuwa ya tashi da burodi da shayi mai madara, rana shinkafa da mai, dare taliya, tsakani lemun kwalba. Yini yake zaune a shago ko bisa kabu-kabu. Da dare a fada a dafa shayi, na fari, na biyu, na uku, kowane da sukarinsa, ga sigari. Kwalbar lemu ɗaya ƙarama tana ɗauke da sukari wajen giram 35, wato ƙwaya 6 ko 7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce wajen giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Ku yi lissafi da kanku.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A ƙasar Holan an yi yunwa mai tsanani a 1944 zuwa 1945. Jariran da ke cikin ciki a lokacin, da suka kai shekara 50 aka auna su, aka tarar jikinsu bai iya sarrafa sukari kamar na sauran. Jikin da aka gina cikin rashi yakan saba da tattali, in yalwa ta zo masa daga baya sai ta yi masa nauyi. Mu nan mun ga yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El-Buhari, mun kuma ga ta 2005 da ta gallabi jihar Maraɗi. Ɗiyan 2005 su ne samarin da ke hawa mota zuwa biɗa yanzu. In aka haɗa gadon jini da yunwar ƙuruciya da cimar birni, wuta ce da auduga. Shi ya sa ko siriri bai tsira ba. Kada wani ya ce ni ba ni da ƙiba, ba ruwana.

AWO HUƊU

Gara ba ta sallama. Hawan jini ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. Hanya ɗaya ce ta sani: awo. Duk wanda uwarsa, ubansa, wansa ko yarsa ke da ciwon sukari, kada ya jira tsufa. Daga ya zama saurayi ko budurwa ya fara, sau ɗaya a shekara.

1. Tansiyo. Lafiyayye yakan tsaya wajen 12 bisa 8. In aka auna a ranaku dabam dabam aka ga 14 bisa 9 ko fiye, hawan jini ne, ko shekarunka 25.

2. Sukarin jini, da safe kafin a ci komi. Ƙasa da giram 1,10 a lita, lafiya. Daga 1,10 zuwa 1,25, bakin rijiya ne, nan aka same ni. Daga 1,26 zuwa sama, in an maimaita aka sake gani, ciwon ya kama.

3. Kewayen ciki, da metar tela, a daidai cibiya. Namiji in ya kai santimita 94, mace 80, a yi hattara. Kitsen tumbi ya fi na ko'ina haɗari.

4. Kitsen jini. Wannan sai a babbar likita, kamar Mayahi, Tasawa ko Maraɗi. Wanda ya samu hali ya yi.

Ku kuma dubi wuyan yaranku masu jiki. In bayan wuya ko hammata ya yi baƙi ya yi kauri kamar dauɗa, an cuɗa da soso bai fita ba, sau da yawa alama ce ta insulin ya yi yawa a jini. Kada a doki yaro a ce ƙazami ne, a kai shi awo. Iyayena mata, wadda ta haifi jariri da ya wuce kilo 4, ko aka ce sukarinta ya hau lokacin ciki, ita da ɗan duka a riƙa auna su. Awon ciki ba ɓata lokaci ba ne.

KO ANA IYA KAUCE MASA?

Ana iyawa, an kuma gwada an gani. A garin Da Qing na ƙasar Sin, a 1986, aka ɗauki mutum 577 da ke bakin rijiya. Aka koya wa wasu gyaran abinci da motsa jiki har shekara 6, aka bar wasu. Bayan shekara 30 aka duba. Waɗanda aka koya wa, ciwon ya yi jinkirin kama su da wajen shekara 4, ciwon zuciya da shanyewar jiki sun ragu a cikinsu, sun kuma fi tsawon rai. A Amurka, a 2002, aka ba da sakamakon mutum 3.234 irin waɗannan. Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana 5 a mako, da rage nauyi kilo 7 cikin 100, sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. Ƙwayar magani da aka gwada tare ta rage kashi 31 ne. Ƙafa ta fi ƙwaya.

Ga abin da nake roƙon ƙannena:

Na ɗaya, shayi. Ban ce a fasa fada ba. A raba sukarin biyu. Sannu a hankali harshe zai saba. Lemun kwalba ya zama na ranar Salla. Fura da nono ba su buƙatar sukari, kakanninmu ba su sa ba.

Na biyu, gishiri. Iyakar babba giram 5 ne a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Ɗunƙulen miya na kanti wajen rabinsa gishiri ne. Kanwa ma danginsa ce wajen tayar da jini. Daddawa da albasa da tafarnuwa sun isa su ba miya ɗanɗano.

Na uku, a koma ga ganye da wake. Zogale, tafasa, rama, yakuwa, kuka, kuɓewa, duk ana samun su a kasuwar kowane birni. Ba abincin talaka ba ne, abincin mai son ya ga jikokinsa ne.

Na huɗu, ƙafa. Inda za ka iya takawa, kada ka hau babur. Mai shago ya tashi bayan asuba ko bayan la'asar ya yi tafiya har ya ji zufa.

Na biyar, taba. Ɗan mai ciwon sukari da ke shan sigari, gara ce ya ƙara wa zago. A bari.

Wanda kuma aka riga aka sa wa maganin tansiyo ko na sukari, kada ya daina don ya ji sauƙi, kada ya musanya shi da jiƙo ko maganin ƴan tebur. Kafin azumi ya je ya ga majo. In kuka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya danne shi da zufa, a nemi mota nan take zuwa likita. Addu'a a yi ta a hanya.

ROƘO GA IYAYENMU

Iyayena, ku gafarce ni, yaro zai yi muku roƙo. Na san abin da ke sa a ɓoye wannan ciwo: kunya, da tsoron kada a ce gidan wane ba a aure. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da babanmu ya zaunar da mu ya ce ga abin da likita ya faɗa, ku je a duba ku, wataƙila da yayana yana shagonsa yau. Ban zarge shi ba, shi ma ba wanda ya gaya masa. Mu kuwa yanzu mun ji. Uban da ya gaya wa ɗansa ciwonsa ya bar masa gadon da ya fi gona. Kuma mu daina yi wa tumbi kirari. In ɗanku ya dawo daga biɗa riga ta matse shi, ku tambaye shi yaushe rabonsa da awo.

Kwana na Allah ne, ba mai ƙarawa, ba mai ragewa. Amma ba mu taɓa barin rumbu ga gara don mun ce arziki na Allah ne ba. Muna duba shi, muna gyara shi.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Ina kawo wa biro shawara uku, in taro ya yarda.

Ta fari, a cire kuɗi daga asusu a sayi na'urar awon tansiyo mai batir guda biyu da metar tela, ɗaya a gida, ɗaya wajen wakilinmu na Maraɗi. Mu roƙi majon likitarmu ya koya wa samari biyu da mata biyu yadda ake awon.

Ta biyu, kowace shekara a wannan taro, kafin a ci abinci, a yi awo. A ba kowa ƙaramin karne a rubuta masa lambobinsa, ya tafi da shi duk inda ya je. Sirrin kowa yana cikin aljihunsa.

Ta uku, wakilanmu na kowane birni su tuna wa ƴan'uwa ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, kowa ya je a auna shi. Ni kuma na ɗauki alkawarin koya wa ƴan ajina wannan darasi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ni da ke gabanku, shekara biyu ke nan da na raba sukarin shayina, na koma zuwa lakol da ƙafa. Awon bana ya sauko ƙasa da 1,10. Karnena yana nan a aljihu, wanda ke son gani ya zo bayan taro.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na gidanmu ya kama, kun gani. Inda na yi kuskure a gyara mini, inda na yi wa manya tsaurin ido a yafe mini. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da matafiya gidajensu lafiya.